Kula da Tsohuwar Motar Soja Mai Shan Gas da Gano Yoyonta

Tsohuwar motar soja babbar motar ɗaukar kaya ce da aka ƙera domin aikin rundunar soja, wadda bayan ta gama zamaninta a bariki ake sayar da ita a gwanjo, ta koma hannun farar hula. Yawancinsu injin gas gare su mai silinda shida, suna da tsayi daga ƙasa, kuma tayoyin gaba da na baya duk suna ja. Wannan ya sa masu dakon masara da rake da itace daga ƙauyukan Giwa da Soba da Maƙarfi zuwa Zariya suke ƙaunarsu, domin da damina sukan bi hanyar da ƙaramar mota ba ta isa ta taka ba. Kula da su ya ta'allaƙa ne ga abu biyu: duba na kullum da juyen mai a kan lokaci, da kuma sanin inda mai ko ruwa ko iska ke zurarewa.

Asali da ire-irensu

Zariya tsohon garin soja ne. Tun 1924 ake horar da kuratan soja a Defo, kuma makarantar sojoji ta yara ta fara a 1954, saboda haka kanikawan garin sun daɗe da sabawa da irin waɗannan motoci. Waɗanda aka sani a Najeriya sun haɗa da Bedford ta Ingila, da Steyr ta Ostiriya wadda aka riƙa haɗawa a Bauci tun ƙarshen shekarun 1970, da kuma Mercedes mai gajeren baki, dangin 911, wadda kamfanin ANAMMCO ya haɗa a Inugu bayan ya fara aiki a 1980. Da yawa daga cikin Mercedes ɗin injin OM 352 ne a cikinsu, wanda ya fito a 1964, mai girman lita 5.7. A Amurka kuwa wadda ta yi suna ita ce M35, mai ɗaukar tan biyu da rabi, wadda kamfanin REO ya fara ƙerawa wajen 1950. Samfurinta na M35A2 yana da inji mai lita 7.8 da aka tsara ya ƙona gas ko kananzir ko man jirgi idan ta ɓaci, tankinta yana cin lita 189, wutarta kuma bolt 24 ce.

Wanda ya sayi irin wannan mota, fenti ne aikinsa na farko, domin dokar 1977 ta hana farar hula tuƙa mota mai koren fentin soja.

Illar dogon zama

Masu saye sukan ruɗu da agogon tafiya. Sai a ga mota ta shekara talatin ba ta ci wani nisan kirki ba, a ɗauka sabuwa ce. Ƙarfen injin yana iya zama garau, amma roba ba ta san agogo ba. Motar soja takan yi watanni a ajiye, kuma a wannan zaman ne sil, wato zoben robar da ke hana mai zurarewa, yake bushewa ya taurare, tiyo ya tsattsage, raɓa ta taru a tanki ta haifar da tsatsa, man birki ya tsotsi danshi. Shi ya sa motar da ba ta ɗigar da ko ɗigo a wurin gwanjo takan fara zuba ta ko'ina da zarar ta yi makonni tana aiki. Ba sabon mai ita ne ya lalata ta ba. Zafi da motsi ne suka tona abin da zama ya riga ya yi.

Duba na kullum

Tsarin sojojin Amurka ya raba duba zuwa na kafin tafiya, da na cikin tafiya, da na bayan tafiya, da na mako, da na wata, kuma direba ne ke da alhakinsa, ba bakanike ba. A garejin farar hula aikin yakan faɗa kan yaron mota, wanda ba laifi, muddin ogansa ya koya masa abin da zai nema.

Da safe, kafin a tayar da inji, ana leƙa ƙarƙashin mota, a zaro sandar awon baƙin mai, a buɗe lagireto tun yana sanyi, a danna fanbel da yatsa, a duba tayoyi da notunansu. Idan an tayar, ana jira allurar baƙin mai ta tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi. In ba ta tashi ba a kashe. Ba a motsa mota sai iskar birki ta cika tankokinta. Da yamma kuma a buɗe 'yan famfunan ƙasan tankokin iska ruwa ya fita, musamman daga Yuni zuwa Satumba lokacin da iska ke cike da danshi. In inji mai tabo ne, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, ana barinsa ya yi 'yan mintoci a silo kafin a kashe, don kada man da ke cikin tabon ya ƙone.

Juye, filta da giris

Littafin kowace mota yana ba da nisan tafiya da tsawon lokaci, kuma duk wanda ya riga zuwa shi ake bi. Motar da ke bin hanyar burji ya kamata a rage mata tazarar. Juye bayan kilomita 5,000 ko wata shida ba ɓarna ba ce ga tsohon inji. Ana juye ne inji na da ɗumi, a canja filtar mai tare, a tabbatar tsohuwar robar filtar ta fito, domin roba biyu a haɗe suna iya kwarar da man inji duka cikin minti kaɗan. Injin M35A2 yana shan kusan lita 21.

Filtar iska ita ce ke shan wahala a Zariya daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙurar hunturu laushi gare ta, tana wuce duk wata 'yar kafa, kuma ita ke cinye ringi, wato zoben fistan, da silinda. Mai takarda ana busa ta daga ciki zuwa waje da iska marar ƙarfi, a haska ta da fitila don ganin huji. Mai kwanon mai kuma ana wanke kwanon a zuba sabon mai daidai layi. Giris yana da wurare da yawa a furofela da sitiyari da sifirin, kuma ana goge bakin kowane nonon ɗura giris kafin a ɗura, in ba haka ba yashi ake turawa ciki.

Batir biyu masu bolt 12 ake jerawa su ba da 24. Masu jan wutar rediyo ko cajin waya daga batir ɗaya suna kashe su duka biyun, domin ɗaya zai riƙa zama da yunwa ɗayan kuma yana ƙonewa da caji.

Gano yoyo

Sojojin Amurka sun kasa yoyo mataki uku. Na farko naso ne, wurin ya jiƙe amma bai tara ɗigo ba. Na biyu ɗigo ya taru amma bai faɗi ba lokacin da ake dubawa. Na uku ɗigon yana faɗowa ƙasa. Da na farko da na biyu ana iya ci gaba da aiki ana sa ido a kan geji. Na uku gyara yake so. Wannan sassauci bai shafi man birki da man tanki ba. Rabon yana da amfani ƙwarai ga mai tsohuwar mota, domin wanda ya ce sai ya busar da kowane naso zai ƙare kuɗinsa a gareji motar ba ta fita ba.

Wajen neman yoyon kuwa, mataki na farko shi ne sanin abin da ke zuba. Baƙin mai na injin gas baƙi ne ƙirin ko da jiya aka yi juye. Man giya ya fi kauri, yana warin farar wuta. Gas tsinkakke ne, yana bazuwa da faɗi, ba ya saurin bushewa. Ruwan lagireto yana barin farin tabo ko jan tsatsa bayan ya bushe. Man birki santsi gare shi, irin na DOT 3 da DOT 4 kuma yana cin fenti.

Mataki na biyu, wanda a nan ne aka fi asara, shi ne sanin mafari. Inda mai ya ɗiga ba nan ya fito ba. Nauyi yana jansa ƙasa, iskar fanka da ta tafiya tana tura shi baya, saboda haka ana bin sahunsa ne zuwa sama da gaba har a kai ga wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Kafin haka sai an wanke inji tas da kananzir da sabulun gari, a bar shi ya bushe, a shimfiɗa kwali a ƙasa, a barbaɗa garin alli ko hoda a inda ake zargi, sannan a tayar har ya yi zafi ana haskawa da tocila. Da hunturu ma ba a bukatar alli: tafiya kaɗan a kan burji bayan wanki, ƙura za ta manne a kan sahun man ta zana shi sarai.

Sau da yawa ana ganin mai a mahaɗar inji da giya, a yanke hukunci cewa sil ɗin baya ne, a sauke giya, a kwana biyu ana aiki, alhali gaskit ɗin murfin saman inji ne ke zuba ta baya man yana gangarowa. Gaskit ɗin nan aikin awa guda ne. Haka nan ba a canja sil sai an duba bututun numfashin inji. Idan ya toshe da laka ko gidan zanzaro, iska takan taru a cikin inji ta turo mai ta kowace kafa, kuma sabon sil ma zai zuba. Idan bututun a buɗe yake amma yana feso hayaƙi da ƙarfi, ringi ne suka gaji, sil ba shi da laifi. Cika mai fiye da layi shi ma yana jawo wannan.

Aksul da giya da akwatin raba ƙarfi duk suna da irin wannan mashaƙa a samansu. Mota ta yi tafiya aksul ya yi zafi, sai ta faɗa rafi, ƙarfen ya huce nan take ya zuƙi ruwa. Bayan ƙetare ruwa mai zurfi ana kwance notin awo a ga man. In ya koma launin madara a juye shi. Man giya da ya ɓullo a bayan taya kuwa ya riga ya jiƙa takalmin birki, kuma wankewa da fetur ba ya mayar da shi daidai.

A layin gas, mafi yawan naso daga washa ne, wato 'yan zoben jan ƙarfe da ke mahaɗun bututu. Sau ɗaya ake ɗaure su. Ƙara matse tsoho sai ya kai ga karya notin. Bututun da ke tsakanin famfo da nozul yana ɗauke da ƙarfin da ya kai ya huda fata, don haka da kwali ake laluben yoyonsa, ba da hannu ba. Gam ɗin gaskit kuma kaɗan ake shafawa. Wanda ya yi yawa yakan ɓalle ta ciki ya toshe rariyar famfon mai.

Yoyon da ba ya taɓa ƙasa

Wannan shi ne mai kashe inji, domin ƙarƙashin mota yana nan a bushe. Idan baƙin mai yana ƙaruwa a sanda maimakon ya ragu, yana tsinkewa, yana warin gas, to gas ne ke shiga cikinsa, ko ta famfon da ke janyo mai daga tanki, ko ta robobin famfon injekta, ko ta nozul mai ɗiga. A M35A2 akwai wata na'ura a jikin famfo mai daidaita yawan mai gwargwadon kaurinsa, wadda ta yi ƙaurin suna wajen wannan, har masu motar da dama suke kewaye ta. Tsinkakken mai yana cinye metal, wato matashin ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa, kuma in ya yi yawa inji yana iya fara shansa ya yi ta gudu ba ya jin maɓalli. A nan toshe hanyar iska da katako ko wani abu mai tauri ne mafita.

Ruwa a cikin baƙin mai yana nuna lalacewar gaskit ɗin kan silinda ko na'urar sanyaya mai. Alamunsa farin kumfa a ƙarƙashin murfin mai, ƙwayoyin iska a lagireto, da ruwa mai raguwa ba a ga inda ya bi ba. Kafin a kai ga buɗe inji a gwada murfin lagireto da ɗan hujin da ke ƙasan famfon ruwa, don su ne masu arha. Ruwan rijiya zalla yana tara tsatsa da dutse, kuma cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, da ake yi wai don garinmu da zafi kuskure ne: injin gas da ba ya kai zafinsa yana ƙona mai rabi-rabi, ya riƙa zubo baƙin ruwa ta salansa.

Akwai kuma iska mai shiga layin gas. Tsakanin tanki da famfo zuƙa ake yi, saboda haka tsagewar tiyo ba ta zubar da mai, sai dai ta ja iska. Mota ta tashi da safe ta mutu bayan ɗan lokaci, ko ta riƙa shaƙewa a hawa. Ana gano wurin ta hanyar sa farin tiyo mai nuna ciki a sassa daban-daban a ga inda kumfa ya fara. Fitar da iskar daga filta ake farawa, sannan famfo, sannan nozul.

Birki da taya

Motoci da yawa na wannan zamani, har da M35A2, birkinsu na mai ne iska tana taimaka masa, kuma layi ɗaya ne tak: tiyo guda ya fashe, birkin ƙafa ya tafi gaba ɗaya. Man birki yana iya raguwa ba a ga ɗigo ba idan yana zurarewa cikin na'urar iskar ko cikin gangar birki. Motocin sojan Amurka man DOT 5 mai launin shunayya suke amfani da shi, kuma ba a gauraya shi da DOT 3 ko DOT 4 da ake samu a shagunan Sabon Gari. Yoyon iska da ruwan sabulu ake nemansa bayan an kashe inji.

Rim ɗin waɗannan motoci mai zobe ne. Ana sace iskar taya gaba ɗaya kafin a taɓa zoben, kuma mai faci yana hura ta ne a cikin keji ko ɗaure da sarƙa, yana tsaye a gefe, domin zoben da bai zauna daidai ba yana tashi da ƙarfin da zai kashe mutum.