Waiwaye: Yadda Ma'aunin Motocin Jif Masu Lantarki Ya Sauya

A 1997 kamfanin Toyota ya fitar da RAV4 EV, ɗaya daga cikin motocin jif na farko masu aiki da lantarki zalla, kuma a wancan lokacin tambaya guda ce a bakin kowa: nisan da za ta yi kafin caji ya ƙare. Ba ta wuce kimanin kilomita 150 ba, an kuma kera 'yan kaɗan ne, galibi domin jihar Kalifoniya.

Kasuwar ba ta kankama ba sai da Tesla ta kawo Model X a 2015, sannan Jaguar I-Pace da Hyundai Kona Electric suka biyo baya a 2018. A nan ne aka fara gane cewa lambar yabo da ƙarko ba tafiyarsu ɗaya ba. I-Pace ta zama gwarzuwar motar shekara ta Turai da ta duniya a 2019, amma a 2023 sai da aka kira ta domin gyara saboda fargabar batirinta zai kama da wuta. Hyundai kuwa ta ɗauki nauyin sauya batir a motoci kusan 82,000 a 2021, mafi yawansu Kona. Ko Toyota, wadda sunanta ya yi fice wajen ƙarko, ta janye bZ4X a 2022 saboda ƙafar motar na iya ficewa ana cikin tafiya.

Dalilin wannan saɓani, a ganina, shi ne kowane ma'auni da abin da yake aunawa. Taurarin Euro NCAP, shirin gwajin tsaron motoci na Turai, suna nuna yadda mota ke kare fasinja a haɗari, alƙaluman WLTP (tsarin gwajin da ake amfani da shi a Turai) da EPA (hukumar kare muhalli ta Amurka) kuma suna kiyasin nisan tafiya, sai dai babu ɗayansu da zai faɗa wa mai saye sau nawa zai kai motar gareji. Wannan sai binciken da ke jin ta bakin masu motar. Ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta ruwaito a 2023 cewa motocin lantarki sun fi na fetur yawan matsala da kashi 79 cikin ɗari, a 2024 kuma tazarar ta ragu zuwa kashi 42. A Jamus kuwa, ƙididdigar ADAC, ƙungiyar masu motoci ta ƙasar, ta nuna cewa sun fi na fetur ƙarancin mutuwa a hanya, kuma idan sun mutu, ƙaramin batir mai bolt 12 ne ya fi zama sanadi. Duka biyun gaskiya ne, domin ɗaya yana ƙirga duk wata tangarɗa, har ta manhaja da allo, ɗayan kuma motar da ta tsaya cak kawai yake ƙirgawa.

Batun daraja ya taso da ƙarfi a Janairun 2023, lokacin da Tesla ta zaftare farashi da kusan kashi 20 cikin ɗari a wasu samfura. Model Y ta zama motar da aka fi saya a duniya a shekarar, amma waɗanda suka saya tun farko sun ga darajar motocinsu ta faɗi, har kamfanin haya na Hertz ya sanar da sayar da motocinsa na lantarki 20,000 a farkon 2024. Tun daga nan masu saye suka koma duba garantin batir, wanda yawanci shekara 8 ne ko kilomita 160,000, da shekarun da samfurin ya yi a kasuwa, da abin da motar za ta kawo ranar da za a sayar da ita a matsayin ta hannu.