Ƙa'idar Amurka da ta sa ake auna maganin ciwon suga da lafiyar zuciya

Kafin 2008, kamfanin da ya haɗa sabon maganin ciwon suga a Amurka ba ya shan wata doguwar tambaya. Zai tara masu ciwon, ya ba su maganin na wata shida ko shekara guda, ya riƙa auna jininsu. Idan gwajin HbA1c ya sauka, wato gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku da suka shige, kuma ba a ga wata ɓarna a fili ba, sai hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta ba da izinin sayarwa. Kowa ya ɗauka lissafin a miƙe yake. Tunda suga ne ke lalata jijiyoyin jini, ai duk abin da ya sauke suga ya kare zuciya. Ba wanda ya ga dalilin jiran shekaru don a tabbatar.

Amma babban abin da ke kashe masu ciwon suga nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, shi ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. To idan maganin ya gyara lambar da ke jikin takardar gwaji amma ya ƙara wa zuciya nauyi fa?

Maganin da ya tayar da wannan ƙura shi ne rosiglitazone, wanda ya shiga kasuwa a 1999 da sunan Avandia, kamfanin GlaxoSmithKline ya riƙa sayar da shi. Ya karɓu ƙwarai, cinikinsa ya kai biliyoyin daloli a shekara. A watan Mayun 2007 wani likitan zuciya na asibitin Cleveland Clinic, Steven Nissen, tare da abokiyar aikinsa Kathy Wolski, suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 42 da aka yi wa maganin, da yawansu daga abin da kamfanin da kansa ya ɗora a intanet, suka haɗa su wuri guda. Abin da suka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine shi ne masu shan Avandia sun fi sauran haɗarin bugun zuciya da kimanin kashi 43 cikin 100. Ba a gama jimamin wannan ba, a watan Fabrairun 2008 aka dakatar da wani ɓangare na binciken ACCORD da ake yi kan masu ciwon suga sama da 10,000, saboda waɗanda aka matsa wa lamba a sauke musu suga sosai sun fi mutuwa. A nan ba magani guda ake zargi ba, tunanin ne gaba ɗaya ya girgiza.

A watan Yulin 2008 kwamitin ƙwararru da ke ba FDA shawara ya kaɗa ƙuri'a, 14 suka amince, 2 suka ƙi, cewa a riƙa neman shaidar lafiyar zuciya daga kowane sabon maganin suga. A watan Disamba hukumar ta fitar da takardar ƙa'idar.

Ya kamata a faɗi matsayin wannan takarda, domin ba majalisa ce ta zartar da ita ba, kuma ba a gurfanar da kowa a kotu don ya saɓa mata. Takardar jagora ce, a jikinta ma an rubuta cewa shawarwari ne da ba su zama dole ba. Sai dai shawarar mai riƙe da hatimin izini ta fi ta kowa nauyi. Kamfanin da ya ƙi bi, maganinsa zai zauna a ɗakin bincike, kuma kasuwar Amurka ba wadda ake wasa da ita ba ce. A aikace ta zama doka, har ta shafi yadda ake gwaji a duniya baki ɗaya.

Takardar ta ce a daina zaɓo masu ƙarfi a jika kawai. A shigar da tsofaffi, da waɗanda ciwon ya daɗe a jikinsu, da masu matsalar ƙoda, tunda su ne za su sha maganin idan ya fito. Ta ce a tsawaita gwajin, kamar shekara biyu ko fiye. Ta kuma ce a kafa kwamitin likitoci mai zaman kansa da zai tantance duk wani bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa da aka samu. Waɗannan likitoci ana kawo musu fayil ɗin majiyyaci, da takardar awon bugawar zuciya, da sakamakon jini, da takardar shaidar mutuwa in ya rasu, amma ba a faɗa musu ko maganin gaske yake sha ko ƙwayar da ba komai a cikinta. Su ne za su ce wannan bugun zuciya ne, wancan ciwon ƙirji ne kawai. Hikimar a bayyane take: wanda ya zuba kuɗinsa a magani bai dace ya zama alƙalin illarsa ba.

Inda ƙa'idar ta fi tsauri shi ne lambobi biyu, 1.8 da 1.3, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Ana raba masu gwaji gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kowane gida yana ci gaba da samun kulawar da ya saba, ba wanda ake bari babu magani, sai dai gida ɗaya ana ƙara masa sabon maganin, ɗayan kuma ƙwayar banza mai kama da shi. A ƙarshe sai a kwatanta yawan waɗanda zuciya ta buga wa, ko ɓarin jikinsu ya shanye, ko suka mutu ta sanadin zuciya. Idan gidajen biyu sun yi daidai, lambar ita ce 1.0. Idan ta kai 1.3, masu shan sabon maganin sun fi haɗari da kashi 30 cikin 100. Idan 1.8 ce, kashi 80.

Sai dai gwaji samfuri ne. Mai sayen buhun gero da ya soka bututu sau ɗaya ya ga hatsi mai kyau ba zai rantse cewa babu tsakuwa a ƙasan buhun ba, amma in ya soka a wurare da yawa shakkarsa za ta ragu. Haka sakamakon bincike yake zuwa da iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama, waɗanda ake kyautata zaton gaskiya tana tsakaninsu. FDA ta ce iyakar sama za ta duba, wato mafi munin abin da bayanan ba su iya korewa ba. Idan ta wuce 1.8, babu izini sai an ƙara gwaji. Idan tana tsakanin 1.3 da 1.8, ana iya ba da izini da sharaɗin kamfanin ya yi babban gwaji bayan maganin ya shiga kasuwa. Idan tun farko tana ƙasa da 1.3, galibi an wuce wurin.

Abin da ke matse waɗannan iyakoki shi ne yawan waɗanda abin ya faru da su, ba yawan waɗanda suka shiga gwajin ba. Kore 1.8 yana buƙatar kimanin mutum 120 da zuciya ko ƙwaƙwalwa ta taɓa, kore 1.3 kuwa sama da 600. Maganar ba daɗin ji, amma haka take: ba a rufe irin wannan gwaji sai adadin ya cika. Shi ya sa kamfanoni suka riƙa ɗibar mutum dubu bakwai, dubu goma, dubu goma sha shida daga ƙasashe da dama, suna fifita waɗanda zuciya ta taɓa bugawa a baya don lissafin ya cika da wuri.

Sakamakon farko bai burge kowa ba. A 2013 gwajin wani sabon maganin suga, saxagliptin, mai mutum 16,492 ya nuna maganin bai ƙara bugun zuciya ba, bai kuma rage ba, amma ya ƙara kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya da kashi 27 cikin 100. Gazawar zuciya ita ce lokacin da zuciya ta kasa harba jini yadda ya kamata, ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya rigingine sai an tara masa matashi, numfashi yana yi masa sama-sama. Da tsohon tsari ake bi, da wuya a gano wannan. Gwajin sitagliptin a 2015 ya fito babu cutarwa babu ƙarin amfani. Masu suka suka fara cewa ana ƙona maƙudan kuɗi don a tabbatar da abin da ba a yi shakkarsa ba.

A watan Satumban 2015, a taron masana ciwon suga na Turai da aka yi a birnin Stockholm, aka bayyana sakamakon gwajin empagliflozin mai mutum 7,020. Cikin kimanin shekara uku, mutuwa ta sanadin zuciya ta kama kashi 3.7 na masu shan maganin, a ɗaya gidan kuma kashi 5.9. Ragi ne na kashi 38 cikin 100. Kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya ta ragu da kashi 35. An je neman tabbacin cewa maganin ba ya cutarwa, aka tarar yana ceton rai, alhali sugan da yake saukewa ba wani mai yawa ba ne. Aikinsa shi ne hana ƙoda mayar da suga cikin jini, sai sugan ya fita ta fitsari tare da ruwa da gishiri. Don haka mai shan sa in an gwada fitsarinsa aka ga suga, ko ya ga kiyashi na bin wurin, ba lallai ciwon ne ya tashi ba, maganin ne ke aikinsa.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Allurar liraglutide ta rage haɗarin bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ta sanadin zuciya da kashi 13 a gwajin 2016. Likitocin zuciya da na ƙoda suka shigo cikin maganar. A 2019 aka gwada dapagliflozin a kan masu gazawar zuciya 4,744, fiye da rabinsu ba su da ciwon suga ko kaɗan, kuma ya yi musu amfani kamar masu shi. A 2023 gwajin semaglutide a kan masu ƙiba da ciwon zuciya 17,604, su ma ba masu suga ba, ya nuna ragin kashi 20. Magungunan da aka haɗa don suga sun koma hannun likitan zuciya. Gwaje-gwajen sun kuma tono illoli: an ga ƙarin yanke yatsu da ƙafa a gwajin canagliflozin na 2017, har FDA ta sa gargaɗi mai tsanani a jikinsa, ta cire a 2020 da ƙarin bayanai suka zo. Magungunan da ke fitar da suga ta fitsari kuma suna iya jawo ƙaiƙayin al'aura, wani lokaci da wata cuta mai haɗari da ke sa jini ya yi tsami ko da suga bai hau ba.

Shi Avandia da aka yi duk wannan dominsa, labarinsa ya ƙare da ban mamaki. Turai ta dakatar da shi a 2010, Amurka ta taƙaita shi. A 2013, bayan masana a jami'ar Duke sun sake tantance bayanan wani babban gwaji da aka yi masa, FDA ta ɗage takunkumin, ta ce ba ta ga ƙarin haɗarin bugun zuciya ba idan aka kwatanta shi da tsofaffin magunguna. Har yau ana jayayya a kan haka, amma kasuwarsa ta riga ta mutu.

Ƙa'idar tana da giɓi, kuma giɓin ya fi shafar mu. Sababbin magunguna kawai ta hau, ba ta waiwayi tsofaffi irin metformin da glibenclamide ba, waɗanda su ne suka cika kemis a Kano da Maraɗi. Wani tsohon maganin, glimepiride, ya ci albarkacin wani gwaji na 2019 da aka kwatanta shi da sabon magani linagliptin, aka ga bai fi shi haɗari ga zuciya ba. Baƙaƙen fata kuma ba su da yawa a waɗannan gwaje-gwaje, a na empagliflozin kimanin kashi 5 ne. Sai batun mai tallan maganin gargajiya da ke rantsuwa cewa garinsa yana sauke suga. Ko da gaskiya ya faɗa, ya amsa tambayar da aka daina wadatuwa da ita tun 2008. Lambar NAFDAC da ke jikin irin waɗannan kwalabe ma ba shaidar warkarwa ba ce, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

A 2018 kwamitin ƙwararrun ya sake zama kan ko a ci gaba da ƙa'idar, ƙuri'a ta tashi 10 da 9. A watan Maris na 2020 FDA ta janye takardar 2008, ta fitar da sabon daftari da babu 1.8 babu 1.3. Maimakonsu ta ƙayyade yawan mutanen da dole su sha maganin kafin izini: aƙalla 1,500 na shekara guda, 500 na shekara biyu, kuma a ciki a samu aƙalla 600 masu ciwon zuciya, 500 masu ciwon ƙoda, 600 da suka haura shekara 65. Dalilinta shi ne babu ko ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen da ya nuna ƙarin bugun zuciya. A ganina hujjar tana da rauni, domin abin da gwaje-gwajen suka fi amfanarwa shi ne wanda ba a je nema ba, kuma ƙaramin gwaji ba ya tono irinsa.

Kamfanonin dai ba su daina ba, don yanzu likita ba ya saurin rubuta sabon maganin suga mai tsada in babu shaidar zuciya a bayansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa empagliflozin da danginsa cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Da aka zo gwada wani sabon magani, tirzepatide, a kan mutum sama da 13,000, ba a kwatanta shi da ƙwayar banza ba, an gwama shi da dulaglutide, wanda aka riga aka san yana kare zuciya, sakamakon 2025 kuma ya nuna bai gaza shi ba.