Waiwaye: yadda maganin raɗaɗi ya yi wa majinyatan gida nisa a Amurka

Nas ɗin da ke bin majinyata gida-gida ita ke ganin mai ciwon daji ya daina juyi a kan gado, yana cije leɓe duk lokacin da aka ɗaga shi. Amma in ba mai lasisi na musamman ba ce, ko ƙwaya ɗaya ta mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, ba ta da hurumin rubutawa. Sai dai ta nemi likita, wanda wataƙila rabonsa da majinyacin ya kai wata guda.

Abin ya samo asali daga dokar 1970, wadda ta kasa magunguna masu sa maye rukuni biyar. Mofin da 'yan'uwansa oksikodon da fentanil suna rukuni na biyu, kuma takardarsu ba a maimaita ta. In magani ya ƙare, sai an rubuta sabuwa. A halin gaggawa likita na iya yi wa mai kantin magani bayani ta waya, amma ɗan abin da zai rufe gaggawar kawai za a bayar, sannan takarda ta biyo baya cikin kwana 7.

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da matakai uku na maganin raɗaɗin ciwon daji, inda ta ce a bayar ta baki, a kan lokaci, kada a jira sai ciwo ya taso. Hannun likitoci ya saki, har ya wuce gona da iri bayan fitowar OxyContin, wata ƙwayar oksikodon, a 1996. Jaraba da mace-mace suka biyo baya, sai aka ja linzami. A 2014 aka mayar da haɗin haidurokodon, wani maganin raɗaɗin, rukuni na biyu. A 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawarar a guji kai miligiram 90 na ma'aunin mofin a rana. Shawarar ba ta shafi masu jinyar daji da waɗanda ke gaɓar ajali ba, amma jihohi da kamfanonin inshora da kantuna da dama suka riƙe lambar tamkar doka a kan kowa. Wannan kuskure ne babba, kuma marasa ƙarfi ne suka ɗanɗana kuɗarsa. An gyara shawarar a 2022, sai dai tsoron da ya shiga zukatan likitoci bai fita ba.

Ga yadda abin ke cijewa. Majinyacin da ke shan mofin miligiram 60 a rana, ƙarin da ake ba shi idan ciwo ya keto kashi ɗaya ne cikin shida, wato miligiram 10. In yana neman ƙarin sau uku ko huɗu kullum, alama ce asalin adadin ya yi kaɗan. Kafin a gyara, kwalbar da aka lissafa wa kwana 30 ta ƙare da wuri. Inshora ta ce lokacin biya bai yi ba, kanti ya ce babu a ƙasa, ga shi yammacin Juma'a ofishin likita ya rufe. Ko an samu fentanil na mannawa a fata, sai ya yi awa 12 ko fiye kafin ya kama jiki.

Cikin gidan ma da nasa. Wasu dangi kan rage wa mahaifiyarsu magani don tsoron kada ya zame mata jaraba, wani lokaci kuma ɗan gida ne ke ɗiba a ɓoye. Shi ya sa nas kan zazzage ƙwayoyin a faranti ta ƙirga a gaban iyali, ta rubuta lokacin kowane sha da makin ciwo daga 0 zuwa 10, ta fara neman sabuwar takarda tun da sauran maganin kwana biyar.