Ma'anar Taswirar Taurari ta Betty Hill da Alaƙarta da Zeta Retikuli

A wurin masana sararin samaniya, taswirar taurari zane ne da ke nuna matsayin kowane tauraro da ƙarfin haskensa, wani lokaci har da nisansa daga gare mu. Amma idan kalmar ta fito daga bakin masu bibiyar labaran baƙin halittu, waɗanda ake cewa suna zuwa daga wasu duniyoyi su ɗauke mutane, to kusan kullum takarda guda ake nufi, wato zanen da wata Ba'amurkiya mai suna Betty Hill ta yi da hannunta a shekarar 1964. Fiye da shekara hamsin ke nan ana muhawara a kan ko ɗigon da ke jikin wannan takarda ya dace da taurarin da ke maƙwabtaka da rana.

Asalin maganar shi ne daren 19 ga Satumba, 1961, lokacin da Betty da mijinta Barney suke komawa gida Portsmouth a jihar New Hampshire bayan hutu a Kanada. Sun ce wani haske ya riƙa bin motarsu a tsakanin duwatsu, kuma daga baya sai suka lura akwai kimanin awa biyu da ba su san yadda suka wuce ba. Bayan 'yan kwanaki Betty ta fara mafarkai a jere cewa an shigar da su cikin wani jirgi. A 1964 wani likitan ƙwaƙwalwa a Boston, Benjamin Simon, ya yi musu magani ta hanyar hifnosis, wato sa mutum cikin yanayi mai kama da gyangyaɗi ana yi masa tambayoyi. A nan ne Betty ta ce shugaban jirgin ya nuna mata wata taswira, daga baya kuma ta zana abin da ta tuna: taurari goma sha biyu da aka haɗa da layuka, da wasu ƙanana uku a gefe. Ta ce an gaya mata layuka masu kauri hanyoyin fatauci ne, masu tsinke-tsinke kuma hanyoyin bincike. Yana da muhimmanci a san cewa shi kansa likitan bai gamsu an ɗauke su ba, ya fi karkata ga cewa mafarkan Betty ne tushen labarin.

Wadda ta ɗaukaka zanen ita ce Marjorie Fish, malamar firamare a jihar Ohayo mai sha'awar ilimin taurari, wadda ta ga hotonsa a littafin da marubuci John Fuller ya wallafa kan labarin Betty da Barney a 1966. Tunaninta yana da ma'ana. Ta ce idan taswirar ta wasu halittu ce, to ba daga duniyarmu aka hango taurarin ba, saboda haka sai an gina samfurin sararin da ke kewaye da rana, a zagaya shi ta kowace kusurwa. Sai ta riƙa rataya ƙwayoyi irin na carbi a jikin zare, kowace ƙwaya a madadin tauraro guda, tana auna tsawon zaren gwargwadon nisan da kundin Gliese na 1969, wato jerin taurarin da ke kusa da rana, ya bayar, tana durƙusawa tana leƙe daga sama da ƙasa da gefe. Shekaru ta yi a kan wannan aiki, kuma duk wanda ya san wahalarsa ba zai raina ta ba. A ƙarshe ta ce ta sami kusurwar da ta dace, inda manyan ƙwallaye biyu na zanen suka zama tagwayen taurarin Zeta Retikuli, rana kuma ta faɗo a ƙarshen ɗaya daga cikin layukan, tare da wasu sanannun maƙwabta kamar Tau Seti.

Zeta Retikuli taurari ne na gaske. Su biyu ne, kowannensu ya yi kama da rana a girma da launi, kuma suna da nisan kimanin shekarar haske 39. Shekarar haske ma'aunin nisa ce, wato tazarar da haske ke ci a shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5. Suna can ƙuryar kudancin sama, ta yadda mazaunin New Hampshire ba zai taɓa ganin su ba, alhali mutumin Kano ko Zariya zai iya hango su ƙasa-ƙasa ta kudu a daren Disamba, in ya fita bayan gari kuma hazo bai rufe sama ba, domin haskensu ba shi da ƙarfi.

Da mujallar Astronomy ta buga sakamakon Fish a Disamba 1974, a ƙarƙashin editanta Terence Dickinson, sai muhawara ta ɓarke a shafukanta na tsawon watanni. Hujjar da ta fi nauyi ta fito daga masana sararin samaniya Carl Sagan da Steven Soter, kuma hujja ce da ba ta buƙatar lissafi mai zurfi. Sun ce a goge layukan daga zanen biyu, a bar ɗigon kaɗai, sannan a duba. Da zarar an yi haka kamannin sai ya dushe, domin layukan ne ke jan ido, kuma ita Fish ce ta ja nata layukan bisa koyi da na Betty. Sagan ya sake nuna wannan a shirinsa na talabijin mai suna Cosmos a 1980.

A ganina nan ne gizo ke saƙar. Fish tana da 'yanci iri uku a hannunta. Ita ta zaɓi taurarin da za su shiga, inda ta fitar da ƙananan jajayen taurari, waɗanda su ne mafi yawa a kewayenmu, da masu canza haske da tagwayen da suka matsu da juna, bisa hujjar cewa rayuwa ba za ta yiwu a kusa da su ba. Ita ta zaɓi kusurwar kallo daga cikin kusurwoyi marasa iyaka. Ita kuma ta yanke irin kuskuren da za a yafe wa zanen, tunda an yi shi da ka ne shekara uku bayan aukuwar abin. Wanda duk aka ba wannan dama zai sami wani tsari da ya yi kama da ɗigo goma sha biyar, ko da kuwa yaro ne ya watsa tsakuwa a ƙasa. Idon ɗan Adam gwani ne wajen haɗa siffa. Mu kanmu muna kiran wani gungun taurari Kaza da 'Ya'yanta, wasu al'ummu kuma suna kallon gungun nan su ga 'yan mata bakwai.

Abin da ya ƙara tabbatar da haka shi ne yawan amsoshin da zanen ya karɓa. Betty da kanta ta taɓa kwatanta shi da wata taswirar yankin gungun taurarin Fegasus da ta gani a jaridar New York Times a 1965. Wani mai suna Charles Atterberg ya fito da nasa jerin taurarin na kusa wanda ya sha bamban da na Fish, kuma shi ma ya dace. A 1993 wasu Jamusawa biyu suka ce zanen ba na taurari ba ne, na duniyoyin da ke zagaya ranarmu ne. Zanen da ya amsa wa kowa haka bai isa ya zama shaida ga ɗaya daga cikinsu ba.

Sai kuma ma'auni ya inganta. Ana gano nisan tauraro na kusa ne ta hanyar lura da yadda yake ɗan gusawa idan an kalle shi yau, aka sake kallon sa bayan wata shida, lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana. Mutum zai fahimci wannan idan ya miƙe hannu ya ɗaga babban yatsa, ya rufe idon dama, sannan ya buɗe shi ya rufe na hagu: yatsan zai yi kamar ya yi tsalle. Daga doron ƙasa iska tana ɓata wannan awo, shi ya sa alkaluman 1969 suke da kurakurai. Tauraron ɗan Adam na Hipparcos, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a 1989 kuma aka fitar da kundinsa a 1997, ya nuna cewa wasu daga cikin taurarin Fish sun fi nisa ƙwarai da yadda aka zata, har sun fice daga samfurin. An kuma gano cewa wasu suna canza haske, wasu tagwaye ne matsattsu, wato irin waɗanda ƙa'idarta ta ce a fitar. Bayan wannan, an ruwaito cewa Fish da kanta ta janye daga matsayinta kafin rasuwarta a 2013, abin da nake ganin ya cancanci girmamawa fiye da samfurin da ta gina.

Duk da haka sunan ya riga ya kama bakin mutane, har ana kiran halittun nan masu launin toka da manyan idanu da sunan 'yan Zeta a finafinai da shafukan intanet. Su kuwa tagwayen taurarin, masana sun daɗe suna auna haskensu da na'urori masu ƙarfi saboda kamanninsu da rana, kuma ba a tabbatar da samuwar duniya ko guda da ke zagaya ɗayansu ba. Takardun Betty da Barney, har da zanen nata, suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar New Hampshire.