Wi-Fi a Ƙaramin Wurin Shan Kofi: Daga Ina Za a Fara?

Kwastoma ya zauna, tun kafin a kawo masa kofi ya ɗago kai: "Oga, akwai Wi-Fi?" Idan wannan tambayar ta fara isar ka, ga amsoshin abubuwan da masu ƙananan shaguna suka fi tambaya.

Ba zan iya kunna masu datar wayata ko MiFi kawai ba?

Za ka iya, amma ba za ta kai ka ko'ina ba. Ƙananan MiFi, wato na'urorin aljihu masu raba datar layi ta Wi-Fi, da yawansu na'ura 10 ko 16 suke ɗauka, kuma tun kafin su cika sai su ɗau zafi, sabis ya fara jan ƙafa. Ta waya kuwa, da ka fita sallar La'asar da ita a aljihu, intanet ɗin shagon ya bi ka masallaci. Ka sayi rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, ta girke mai cin layin 4G ko 5G, ko ka ja wayar faiba idan ta iso unguwarku. Kafin ka biya kuɗi, gwada layukan a cikin shagon da yamma, lokacin da kowa ke kan waya.

Ina zan ajiye rautar?

A sama, a tsakiyar ɗaki, a fili. Ba ƙarƙashin kanta ba, ba bayan firji ba, domin ƙarfe da bangon kankare suna tare sigina. Yawancin rautoci suna watsawa a zango biyu: 2.4 GHz ya fi nisa da ratsa bango amma ya cika cunkoso, 5 GHz ya fi sauri amma gajere ne. Kunna duka biyun.

Kalmar sirrin da nake amfani da ita zan ba kowa?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi yin ganganci. Idan kwastoma yana kan layi ɗaya da kwamfutar lissafinka, kyamarar tsaro da firinta, ka bar masa ƙofar ɗaka a buɗe ke nan. Ba sai ɓarawo ba ma, wayar da ta kwaso cuta ta isa.

Rautoci irin su TP-Link suna da sashen baƙi, a saitin za ka ga an rubuta Guest Network. Kunna shi, ba shi suna da kalmar sirrinsa daban, ka hana masu hawansa ganin juna da ganin kayan shago. Ka kulle shi da tsarin tsaro na WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Sannan ka canza kalmar shiga saitin rautar ita kanta. Wasu suna zuwa da "admin" a suna, "admin" a kalmar sirri, kuma duk yaron da ke gyaran waya ya san haka.

Data na ƙarewa kafin wata. Wa ke shanye ta?

Bidiyo. Awa ɗaya ta fim mai tsabtar hoto a Netflix tana iya cin gigabait 3. Ga kuma wayoyin da, da sun ji Wi-Fi, sai su hau sabunta manhajoji da tura hotuna ba tare da mai su ya sani ba. Maganin shi ne ka ƙayyade wa kowace na'ura sauri, kamar megabit 2 ko 3. Ya isa WhatsApp, imel da kiran bidiyo.

Sai maƙwabta. Kalmar sirri ba ta kwana, yau ka faɗa wa mutum ɗaya, gobe mai cajin waya na tsallaken titi yana kai. Ka riƙa canza ta duk mako, ka buga ta a lambar QR ka ɗora kan tebur, kyamarar waya za ta karanta. Idan hakan bai yi ba, rautar MikroTik tana fitar da tikiti mai ƙarewa bayan awa ɗaya ko biyu, a miƙa shi tare da rasit. Sai dai saitinta ba na ɗan koyo ba ne, ka nemo wanda ya iya. In kuma sayar da tikitin kake so, fara karanta sharuɗɗan kamfanin da ke ba ka intanet, wasu sun hana.

In an ɗauke wuta fa?

Rauta ba ta da ci, yawanci bolt 12 take so, wat 10 ko kusa da haka. Ƙaramin batirin rauta zai riƙe ta awanni, ba za ta mutu ba kafin a tayar da janareta. Starlink, intanet ta tauraron ɗan Adam wadda ta shigo Najeriya a 2023, daban ce: tana cin wuta ninki da yawa, sai da inbata ko sola.