Harsunan Gini Ikwatoriya

Gini Ikwatoriya ita kaɗai ce ƙasa mai cin gashin kanta a Afirka da Sifaniyanci yake harshen hukuma. An ƙara Faransanci a jerin harsunan hukuma a 1998, sai harshen Fotugal wajen 2010, amma ba kasafai ake jin su a bakin talakawa ba.

Tarihi

Fotugal ta miƙa wa Sifaniya tsibiran Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, da Annobon a 1778, sai dai Sifaniyawa sun daɗe ba su zauna daram ba. A 1827 Turawan Ingila suka kafa sansanin yaƙi da cinikin bayi a Clarence, wato Malabo ta yau da ke tsibirin Bioko, suka kawo ’yantattun bayi da ma'aikata, da yawansu daga Saliyo. Daga harshen Krio na waɗannan mutane Pichi, wato Turancin buroka na Bioko, ya tsiro. Daga baya gonakin koko suka jawo dubban lebura daga kudu maso gabashin Najeriya, musamman bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1942, suka zo da nasu Turancin buroka. An kwashe yawancinsu zuwa gida a tsakiyar shekarun 1970, zamanin shugaban ƙasa na farko, Macías Nguema, wanda ya tsangwami Sifaniyanci har faɗuwarsa a 1979.

Harsunan gida

Fang ya fi yawan masu magana, musamman a Rio Muni, ɓangaren ƙasar da ke kan doron nahiyar Afirka. Bubi na Bioko ne. Akwai Kombe da Benga a gaɓar teku, mutanen Annobon kuwa suna magana da Fa d'Ambo, wanda tushensa harshen Fotugal ne. Akwai kuma ’yar al'ummar Hausawa Musulmi ’yan kasuwa.

Maganar yau da kullum

A kasuwannin Malabo Pichi ne ke haɗa kowa da kowa, duk da cewa babu shi a makaranta, wasu kuma kallon gurɓataccen Turanci suke yi masa. Masana harshe ba su yarda da wannan ba. Masu magana da shi sukan cakuɗa shi da Sifaniyanci, har manyan lambobi da Sifaniyanci ake faɗinsu. Shi ma Sifaniyancin ya ari kalmomi: topé bammi ne, malamba giyar rake, potopoto taɓo, pepesup kuwa farfesu. Ba a cika bambanta r da rr ba, kuma s ta ƙarshen kalma tana fita sarai.