Fayon da maganaɗisun muwon: tambayoyi da amsoshi

Mene ne muwon, kuma me ake aunawa a jikinsa?

Ɗan'uwan ilektiron ne, sai dai ya ninka shi nauyi kusan sau 207, kuma ba ya kwana: kashi 2.2 cikin miliyan na daƙiƙa ya tarwatse. Yana da ƙarfin maganaɗisu nasa na kansa, da ake kira g. Lissafin masanin kimiyya Paul Dirac na 1928 ya ba da 2 cif, awo kuwa ya ba da 2.00233. Wannan 'yar rarar ce aka kai wani inji mai siffar zobe daga cibiyar bincike ta Brookhaven zuwa ta Fermilab, duka a Amurka, a 2013, ta jirgin ruwa da babbar mota, don a auna ta da kyau.

Ina fayon ya shigo?

Rarar tana zuwa ne daga ƙwayoyin da ke ɓullowa su ɓace a kewayen muwon. Cikinsu akwai fayon marar caji, π⁰, wanda kusan kullum yakan rabe zuwa foton biyu, wato ƙwayoyin haske. Don haka hasken da ke fita daga muwon zai iya rikiɗewa fayon na ɗan lokaci, ya koma haske. Gudummawarsa kusan 63 × 10⁻¹¹ ce, mafi girma a rukunin gudummawar da ke zuwa daga cuɗanyar haske da haske.

To, ma'aunin siffar fa?

Fayon ba ɗigo ba ne, wata ƙwaya mafi ƙanƙanta da ake kira kuwak da kishiyarsa ne a ɗaure. Yadda yake cuɗanya da foton biyu yana sauyawa gwargwadon ƙarfinsu, ma'aunin siffa kuwa shi ke bayyana wannan sauyi. In ba shi, babu lissafi. Gwajin BaBar na Amurka ya nuna a 2009 cewa ma'aunin yana hawa fiye da zato a babban ƙarfi, amma gwajin Belle a Japan bai ga haka ba a 2012. Masu lissafi da manyan kwamfutoci a Mainz ta Jamus sun samu gudummawar fayon kusan 60 × 10⁻¹¹ a 2019.

An taɓa yin kuskure a nan?

Ƙwarai, kuma mai ban kunya. A 2001 masana biyu, Knecht da Nyffeler, suka gano an yi shekaru ana debe gudummawar fayon, alhali tarawa ya kamata a yi. Alama ɗaya tak! Da aka gyara, giɓin da ke tsakanin awon Brookhaven da lissafi ya ragu daga ninki 2.6 na kuskuren da ake tsammani (sigma) zuwa 1.6.

Yanzu ina aka kwana?

Fermilab ta fitar da sakamakonta na ƙarshe a Yunin 2025, kuma sabon lissafin masana na shekarar ya dace da shi. Gardamar da ta rage tana kan fayon masu caji ne.